Hatimin da ke Ƙarƙashi

A Wad Madani, bayan layin masu gyaran famfo,
inda hayaƙin gawayi ke cuɗanya da ƙamshin jabana,
na kai wa Usta Haliru bindigar kakana
naɗe cikin bargo, kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Na ce, "Ta Landan ce, mai baki biyu.
Baturen auduga ya ba Kaka Tanimu
ranar da ya tsamo shi daga magudanar Jazira.
Haka muke faɗa a gidanmu shekara saba'in."

Bai tanka ba.
Idonsa na hagu tuni yana ta rufe shi.
Ya goge tafi a jallabiya,
ya raba ta gida uku ba tare da ya duba ba.

Ya rataye bakunan da zare,
ya ƙwanƙwasa da bayan cokali.
Ƙarfen ya saki murya, doguwa, siririya,
har mai shayin tsallaken titi ya waiwayo.
"Dalmarta ba ta saki ba," in ji shi.
"Wadda ta saki ba ta waƙa, tari take yi."

Ya saita rana, ya leƙa ramin dama.
"An sha barin ta ta kwana da albarushi.
Ga zanzana nan, amma ba ta yi zurfi ba."
Yatsansa ya bi zanen jikinta,
murɗaɗɗe, lauje cikin lauje, kamar kitson amarya.
"Ƙarfe aka nannaɗe kan ƙarfe.
Kul ka ɗura mata harsashin zamani.
Tsohuwa ce, kunu take sha, ba ƙashi ba."

Na nuna masa sunan da ke sama.
Ya yi murmushi.
"Mai sayen raƙumi ba ya tambayar akala,
haƙora yake buɗewa.
Na sama na ɗan kasuwa ne.
Gaskiya tana ƙasa, inda ba a gogewa."

Ya kifa ta.
Haruffa uku cikin da'ira mai siffar ƙwai,
ɗan tauraro a gindinsu.
"Beljiyam. Ko Landan ɗin da suka zana,
duba, harafi guda ya faɗi a hanya.
Irinta a akwati suke sauka tashar jirgin ruwa,
dozin-dozin, kamar fitilun ƙwai."

Na ji injin ban-ruwan da na riga na saya a zuci
ya mutu kafin ya tashi.
Kwanon rufin ɗakin Inna ya koma shago.

Sai babban yatsansa ya tsaya
a wuyan ƙota, inda aka ɗaure da wayar tagulla.
Ya tsaya. Ya daɗe.
Jabana ta huce a kan tire.

"Wannan kuwa ba aikin Bature ba ne.
Icen bagaruwa aka cusa cikin nasu.
Nannaɗi bakwai, na takwas a ɓoye.
Mutum ɗaya ke yin haka a garin nan,
kuma ni na riƙe masa fitila.
Ina ɗan shekara tara. Babana.
Mai bindigar dogo ne, yana ɗingishi?"

Na ce, "Shi ne.
An ce kada ya maka da ita a bakin Dindir."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo
daga idon da ba ya gani.
"Jaki ne ya kayar da shi, ɗana.
Ya biya mu da zabi huɗu."

Kuɗinta, in ji shi, akuya biyu,
uku in an sami mai tsautsayi.
Ya ɗiga mai a tsumma,
ya shafe tagullar kaɗai, a hankali,
kamar mai shafa goshin mamaci.

Ban sayar ba.
Na bi bakin Nilu da ita a kafaɗa,
magariba na sauka kan gonakin albasa,
ina lissafin wanda zan fara gaya wa,
da kuma ko zan bar musu kadan nan
ko in ba su jakin.